Rotsi da Bugun Kai: Dalilan Mutuwa da Sharuɗɗan Tsira

Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi da dama na bayyana abin da kan sami kai idan aka buge shi. Idan sanda ko dutse ya fasa fatar kai har jini ya zuba, sai a ce an yi rotsi. Idan wurin ya tashi kawai, ƙulu ke nan. Idan kuwa hankali ya gushe, suma ce. Duk waɗannan kalmomi abin da ido ke gani suke bayyanawa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ɓarnar da ke kai mutum kushewa a cikin ƙoƙon kai take aukuwa, inda ido ba ya kaiwa.

Yadda bugu ke kisa

Ƙoƙon kan baligi rufaffe ne, ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. A cikinsa akwai ƙwaƙwalwa da jini da ruwan da ke kewaye da ita, kuma sun cika shi maƙil. Saboda haka duk abin da ya ƙaru a ciki, ko jini ko kumburi, ƙwaƙwalwa zai matse. Matsin nan in ya tsananta yakan tura ta ƙasa, ta danne tushenta, wanda shi ke kula da numfashi da bugun zuciya. Daga nan sai rai ya yi halinsa.

Hanyoyin da ke kawo wannan uku ne. Na farko, ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, ba shi da kauri, kuma jijiyar jini ta ratsa ta ƙarƙashinsa. In ya tsage sai ta fashe, jini ya taru tsakanin ƙashi da tantanin ƙwaƙwalwa. Na biyu, ƙananan jijiyoyi kan tsinke a ƙarƙashin tantanin, wannan kuwa ya fi kisa, domin yawanci ƙwaƙwalwar ita kanta ta ƙuje. Na uku, girgiza mai ƙarfi irin ta haɗarin mota kan tsittsinka zaruruwan ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗa doguwar suma nan take.

Hanya ta farko ita ce mai yaudara, domin mutum kan farfaɗo ya yi magana garau alhali jini na taruwa. Haka ya faru ga Natasha Richardson, 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila. A ranar 16 ga Maris, 2009, ta faɗi tana koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara a Kanada. Ta miƙe tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita. Daga baya ciwon kai ya taso mata, bayan kwana 2 ta rasu tana da shekara 45.

Abin da tsira ta dogara a kai

A shekarar 1974 likitoci biyu na Jami'ar Glasgow, Teasdale da Jennett, suka fito da ma'aunin zurfin suma. Ana duba buɗe ido da magana da motsin jiki, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Wanda ya sami 8 ko ƙasa da haka, rauninsa mai tsanani ne. Ban da wannan, tsufa da ƙarancin iska da faɗuwar ƙarfin jini duk suna rage fatan tashi. Sai kuma lokaci: in likitan fiɗa ya buɗe ƙashi ya kwashe jinin da wuri, mai rauni irin na farko kan warke sarai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa yawan jinin rotsi ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Wanda ya bugu a kai, sa'an nan ya shiga amai, ko barci mai nauyi, ko sambatu, ko ciwon kai mai ƙaruwa, asibiti za a nufa da shi ba tare da jinkiri ba, kada a tsaya neman maganin iska. Masu iya magana kuma sun ce rigakafi ya fi magani. Lokacin da aka tilasta sanya hular kwano a Nijeriya a farkon 2009, an ga wasu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don gudun tara. Ƙwarya tana iya ruɗin jami'i daga nesa, amma kwalta ba ta ruɗuwa.