Kafin a Ce a Yi Formatin, a Duba Abin da Kwamfuta ta Rubuta

A shagunan buga takardu na Sule Tankarkar da Gumel, har da ofisoshin makarantu, magani ɗaya aka fi sani idan manhaja ta fara rufe kanta ana tsakiyar aiki: a yi formatin. Ba a jimawa matsalar take dawowa, domin an goge shaidar da za ta tona asirin cutar tun ba a duba ta ba.

Wannan shaida ita ce fayil ɗin log. Kusan kowace manhaja tana rubuta abin da take yi, layi bayan layi, da kwanan wata da sa'a da daƙiƙa, kamar yadda mai shago yake rubuta shige da ficen kayansa. Idan ta faɗi, layukan ƙarshe ne suke nuna inda ta yi tuntuɓe.

Mai wannan rubutu, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa, ya saba jin ƙorafi da kalma uku: "Malam, ta ƙi." Abin da yake fara yi shi ne danna madannin Windows tare da harafin R, ya rubuta eventvwr. Nan take kundin Event Viewer zai buɗe. A ƙarƙashin Windows Logs akwai sashen Application, inda jan tambari mai lamba 1000 yake nufin wata manhaja ta faɗi, har da sunanta da sunan fayil ɗin da ya kayar da ita. A sashen System kuwa, lamba 41 tana nufin kwamfutar ta mutu ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba, abin da ya zama ruwan dare inda ake sauya wuta tsakanin sola da janareta. Manhajoji da dama kuma suna da nasu log ɗin a cikin ɓoyayyar folda mai suna AppData, wadda ake shiga ta hanyar rubuta %appdata% ko %localappdata% a akwatin da madannin Windows da R suke buɗewa. Masu Mac su duba Library/Logs, masu Linux kuma /var/log.

A wani shago, lokacin da ɗalibai suke tururuwar buga takardun shiga jarrabawa, wata manhaja ta riƙa rufewa da zarar an tura aiki zuwa firinta. An yi formatin ba sau ɗaya ba. Da aka buɗe lamba 1000, sai ga sunan fayil ɗin direban firintar ɓaro-ɓaro. Ashe bayan kowane formatin, yaron shagon yana ɗauko tsohon direba daga filas ɗin da ke rataye a ƙusa ya sake ɗorawa. Sabon direba daga shafin kamfanin ya kashe maganar.

Wani lokaci log ɗin ba ya cewa komai, saboda an saita shi ya rubuta manyan kurakurai kawai. Matakan sun saba tashi daga error zuwa warning, info, sannan debug, wanda yake rubuta kusan kowane motsi. A ɗaga zuwa debug a cikin saitin manhajar, a maimaita abin da ya jawo faɗuwar, a kwafi fayil ɗin, sannan a mayar da saitin yadda yake. Wanda ya manta zai tarar fayil ɗin ya kumbura ya cinye wuri. A Chrome, idan aka kunna shi da ƙarin umarnin --enable-logging --v=1, yana samar da fayil mai suna chrome_debug.log. Sashen Application na Event Viewer kuwa yana da iyaka, kimanin megabait 20, kuma idan ya cika sabon rubutu yana danne tsoho. Jinkiri na iya cinye shaidar.

Sai a kula da agogo. Tsofaffin kwamfutocin da ake sarowa daga Kano sukan zo da mataccen ƙaramin batirin CR2032, sai kwanan wata ya koma shekarun baya, log ɗin ya rikice. Wasu manhajojin kuma suna rubuta lokacin UTC, wanda Najeriya da Nijar suke gaba da shi da sa'a ɗaya. Faɗuwar ƙarfe biyu na rana za ta bayyana a layin ƙarfe ɗaya.

Kafin a tura wa kowa, a buɗe fayil ɗin da Notepad a karanta. Sau da yawa ana samun sunayen mutane, adireshin imel, lambobin waya, wani lokaci har lambar NIN ta abokan ciniki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗora nauyin tsare irin waɗannan bayanai a kan wanda ya karɓe su. Mai shago a Maigatari da ya jefa ɗanyen log a zauren WhatsApp ya fallasa sirrin mutanen da suka amince masa. A kwafi fayil ɗin, a goge waɗannan wurare a kwafin, a ajiye na asali.

Rahoton da masu manhaja suke iya aiki da shi gajere ne: sunan manhajar da lambar zubinta, nau'in Windows, abin da aka danna bi da bi, lokacin da ta faɗi, da fayil ɗin da kansa maimakon hoton allo da aka ɗauka da waya. Idan daga Event Viewer ne, umarnin Save All Events As yana fitar da fayil mai ƙarshen evtx, a matse shi ya zama zip don kada ya cinye data.