HUKUNCIN KUƊIN MAYAR DA HAJA MAI AIBI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ta ciniki wadda ke haddasa husuma tsakanin Musulmi. A ce wani mutumin Gwashi, a ƙasar Bukkuyum, ya tafi Kano ya sayo kwamfuta don aikin makaranta. Bayan ya dawo gida sai kamfanin da ya ƙera ta ya yi shela cewa batirinta na da aibi, a mayar. To, wa zai biya kuɗin motar da za ta kai ta, mai saye ko mai sayarwa?

Irin wannan ta sha faruwa. A shekarar 1994 wani malamin lissafi a Amurka, Thomas Nicely, ya gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana kuskure wajen rabawa. Da farko kamfanin Intel ya ce sai wanda ya nuna aikinsa na bukatar lissafi mai zurfi za a musanya wa. Da jama'a suka matsa, a watan Disamba na wannan shekara ya yarda ya musanya wa kowa, abin da ya ci masa dala miliyan 475. A 2006 kuma kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 saboda suna iya kamawa da wuta.

Shari'a ta riga su. Asalin hukuncin shi ne haramcin algus. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba. Saboda haka malamai suka tabbatar wa mai saye zaɓi: in ya sami tsohon aibi wanda bai sani ba lokacin ciniki, yana iya riƙe hajar, yana kuma iya mayarwa ya karɓi kuɗinsa.

Game da ɗawainiyar mayarwa, Shaihu Halilu a Muhtasar, da Shaihu Dardiri a sharhinsa, sun raba mas'alar gida uku.

Na farko, in mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, wannan shi ne mudallisi. Kuɗin mayar da hajar inda aka ƙulla ciniki yana wuyansa, har ma da abin da mai saye ya kashe wajen ɗauko ta tun farko. Wanda ya haƙa ramin shi ke cike shi.

Na biyu, in bai sani ba, wurin kuma kusa ne, babu wahala wajen kaiwa, kamar a ce cikin gari ɗaya suke, to mai saye ne zai kai da kansa.

Na uku, in bai sani ba, wurin kuma da nisa, kamar tsakanin Gwashi da Kano, to mayarwa ta kuɓuce, sai a biya mai saye arashi, watau bambancin da aibin ya jawo. Ga yadda ake fitar da shi: masana su yi wa hajar ƙima tana lafiya, su sake yi mata tana da aibi. In ta farko naira 100,000 ce, ta biyu 80,000, aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar ke nan, sai a mayar masa da ɗaya cikin biyar na kuɗin da ya biya.

Daga nan ake fahimtar hukuncin shelar kamfani. Tun da Shari'a ba ta ɗora wa mai saye ɗaukar haja zuwa nesa ba, kamfanin da ya nemi a dawo masa da kayansa shi ya cancanci biyan kuɗin hanya. In kuwa ya yi alkawarin biya a cikin shelar, cikawa ta zama wajibi, domin ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika alkawura. Dokar Nijeriya ta kare hakkin masu saye, ta 2018, ita ma ta ba mai saye wata uku ya mayar da kaya marasa inganci, ɗawainiyar kuma a kan wanda ya sayar.

Sauran gargaɗi biyu. Ɗan kasuwar da ya ji shela, sa'an nan ya kwashi ragowar kayan ya kai Gummi ko Anka ya sayar wa waɗanda labari bai kai gare su ba, ya zama mudallisi, ga zunubi ga biyan ɗawainiya. Mai saye kuma, in ya ga aibi ya ci gaba da aiki da hajar, ko ya yi dogon shiru ba da uzuri ba, Shari'a za ta ɗauka ya yarda, hakkinsa na mayarwa ya faɗi. Sai ya hanzarta sanar da mai sayarwa, ya kafa shaidu, ya kuma adana rasiɗinsa.

Allah Ya tsare Musulmi daga cin dukiyar juna da ɓarna, amin. Allah ne Mafi sani.