Darasi: Mai Gidan Abinci Wanda Ba Ya Korar Mayunwaci

Karatu: Ayyukan Manzanni 9:36-42, Luka 14:12-14, Matta 25:31-46.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, idan babban mutum ya rasu mukan taru mu lissafta ayyukansa. Amma mai tuwo ta bakin tasha wadda ta shekara ashirin tana zuba wa marayu, idan ta rasu sau da dama ba mai tashi ya faɗi kome. A wannan wata muna so mu duba labarin wani mai gidan abinci, domin mu koyi yadda mai bi zai bauta wa Allah da tukunyarsa, mu kuma koyi yadda ya kamata ekklesiya ta girmama irin waɗannan mutane.

Sunan mutumin Clifford Clinton, mutumin Amurka ne, an haife shi a shekara ta 1900. Iyayensa sun tafi ƙasar Sin aikin bishara sa'anda yake yaro, shi kuwa ya tafi tare da su. A can ya ga yunwa da idonsa, abin bai fita daga zuciyarsa ba har ya tsufa.

A shekara ta 1929 ciniki ya faɗi a Amurka, bankuna da dama suka rushe, mutane masu yawan gaske suka rasa aiki. Cikin wannan wahala, a 1931, Clinton ya buɗe gidan abinci a birnin Los Anjeles, ya sa masa suna Clifton's, wato ya haɗa farkon sunansa da ƙarshen sunan gidansu. Ya kafa doka cewa kowa ya ci ya biya abin da ya ga zai iya, wanda ba shi da ko anini kuwa ya ci ya tafi. Ya ce a kan koyarwar Ubangiji Yesu ta cikin Matta 7:12 zai tafiyar da cinikinsa. An rubuta cewa cikin wata uku mutum dubu 10 suka ci ba su biya ba.

To, kowa ya san tukunya ba ta cika kanta. Da ya ga masu ci kyauta za su karya gidan, bai rufe ƙofa ba, bai kuma janye maganarsa ba. Sai ya buɗe wani wuri dabam inda ake sayar da abinci mai sauƙi a kan senti ɗaya, wato mafi ƙanƙantar kuɗin ƙasarsu. Ta haka matalauci ya sami ci ba tare da roƙo ba, babban gidan kuma ya tsaya da ƙafafunsa.

A zamanin nan gidajen abinci da yawa a Amurka ba su yarda baƙar fata ya zauna tare da farar fata ba. Clinton ya karɓi kowa. Waɗansu masu ciniki da shi suka yi gunaguni, amma bai sāke ba.

Sai gwaji mafi tsanani ya zo. Ya shiga aikin tone cin hanci da ya yi katutu cikin mulkin birnin. Nan da nan aka fara takura wa gidajen abincinsa, a 1937 kuma aka tayar da bam a gidan da yake zaune da iyalinsa. Allah ya kiyaye su, shi kuwa bai yi shiru ba. A 1938 mutanen birnin suka jefa ƙuri'a suka sauke magajin garin, Frank Shaw, daga kujerarsa.

Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ya ba wani masani mai suna Henry Borsook kuɗi daga aljihunsa, ya roƙe shi ya haɗa abinci mai gina jiki wanda ba shi da tsada. Borsook ya haɗa wani gari daga waken soya, wanda cin mutum ɗaya bai wuce senti 3 ba. A 1946 Clinton ya bar gidajen abincin a hannun 'ya'yansa, ya kafa ƙungiyar Meals for Millions domin aika garin nan zuwa ƙasashen da ake yunwa. Ya rasu a 1969.

Ba mu ce mutumin nan ba shi da aibu ba, gama mutum tara yake, bai cika goma ba. Ba kuwa tuwon da ya bayar ne zai cece shi ba, ceto ta wurin alherin Allah ne cikin Almasihu kaɗai. Amma akwai abu huɗu da za mu koya.

Na fari, aikin abinci aikin Allah ne. Cikin Ayyukan Manzanni sura 6, da aka sami gunaguni a kan rabon abincin gwauraye, manzanni ba su ce kowa ma zai iya ba. Sun sa a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, Istifanas yana cikinsu. Ke mai ƙosai, kai mai shayi, kada ku ce aikinku bai kai na mai wa'azi ba.

Na biyu, alheri yana bukatar hikima. Akwai 'yan'uwa mata da suka karye saboda bashi, masu bi kuwa su ne suka ci ba su biya ba. Wannan abin kunya ne a gare mu. Mai sayarwa ta ware abin da za ta iya bayarwa kowace rana, ta ba mabukaci na gaske. Wanda yake da hali kuwa ya biya, gama kuɗinsa ne yake ciyar da maras hali. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Na uku, kyauta ba ta wanke algus. Misalai 11:1 ya nuna mana Ubangiji yana ƙin ma'aunin zamba. Wanda ya buga gindin mudu, ko ya sayar da miyar da ta lalace, sa'an nan ya kawo baiko ran Lahadi, bai gamshi Allah ba. Haka kuma wanda ya duba kabila ko addinin mutum kafin ya zuba masa. A cikin Luka 14 Ubangiji ya umarce mu mu kira waɗanda ba za su iya rama mana ba.

Na huɗu, yabon gwani ya zama dole. Da Tabita ta rasu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Ayyukanta ne suka yi mata shaida. Bulus kuma bai manta da Gayus mai masaukinsa ba, ya ambaci sunansa cikin Romawa 16:23. Amma kada mu jira sai ranar jana'iza. Dattawa su ziyarci mai abincin tun tana da rai, su yi mata godiya, su yi addu'a a rumfarta. Idan ta tsufa ta kasa tsayawa gaban murhu, waɗanda suka ci daga hannunta su ciyar da ita. Idan ta rasu, a biya iyalinta bashin da take bin mutane, a kuma nemi wanda zai ci gaba da zuba wa marayun da ta saba ba su. Girmamawar da ta fi ke nan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa manzanni suka nemi masu hikima domin rabon abinci?
2. Wane ne a garinku yake ciyar da mabukata ba a sani ba? Me ekklesiyarku ta taɓa yi masa?
3. Akwai mai abinci da take binka bashi? Yaushe za ka biya?

Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:10.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai da kake ciyar da mu kowace rana, ka sa albarka a hannuwan da suke dafa wa mayunwata, ka buɗe idanunmu mu gan su, mu girmama su. Cikin sunan Yesu, amin.