Duka da rauni a gaban doka

Damina ta sauka, kowa yana gona. Wasu manoma biyu, maƙwabtan juna, suka yi gardama a kan iyaka. Ɗaya ya ce an shigar masa gona da taki biyar. Ɗayan ya ce gambar da ke tsakaninsu ita ce iyaka tun zamanin kakanni. Magana ta yi zafi har ta kai ga zagi. Sai babban ya ɗaga ƙotar hauya ya kwaɗa wa ƙaramin a hannu. Hannu ya karye.

Da marece dattawa suka taru a ƙofar mai gari. Suka ce a yi haƙuri, a kashe maganar a gida. Mai gari ya ce: "Rikicin iyaka nawa ne, ni zan sasanta shi. Amma karayar hannu ta fi ƙarfina." Kashegari jandarmomi suka zo.

Mai gari ya yi daidai. Sarakunan gargajiya suna da ikon yin sulhu a kan gona, da aure, da bashi. Hukunta mai laifi kuwa aikin alƙali ne. Ko wanda aka buga ya yafe, mai gabatar da ƙara yana iya kai maganar kotu, don duka laifi ne ga jama'a baki ɗaya.

Ran 15 ga watan Yuli 1961 Nijar ta kafa kundinta na hukunta laifuka. Aya ta 222 ta kundin ta yi magana a kan wanda ya doki wani, ko ya ji masa rauni da gangan. Hukuncin da ta yanka shi ne kaso daga wata 3 zuwa shekara 2, da tara daga jikka 10 zuwa jikka 100, ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan shi ne mafi sauƙi. Hukunci yana ƙaruwa in mai laifi ya shirya abin tun da wuri, ko ya yi kwanton ɓauna, ko ya yi amfani da makami. Makami kuwa ba takobi da wuƙa kaɗai ba ne. Hauya kayan noma ce, amma in an bugi mutum da ita ta zama makami.

Alƙali yana duba girman raunin kuma. Shi ya sa ake kai wanda aka buga gidan likita tun da fari. Likita ya duba shi, ya rubuta takarda, ya faɗi kwana nawa zai yi bai iya aiki ba. In kwanakin sun yi yawa, ko ido ya mutu, ko hannu ya shanye, hukunci ya ƙara nauyi. Ga manomi wannan lissafi ba wasa ba ne. Wanda ya karye a farkon damina ba zai yi noman fari ba, ba zai yi maimai ba. Ciyawa ta cinye hatsi, rumbu ya kwana wayam. Don haka, ban da kaso da tara, alƙali yana iya sa mai laifi ya biya diyya: kuɗin magani da hasarar da ya jawo.

Ƴan'uwan mai karaya sun so su ɗauki sanduna su tare babban a hanyar kasuwa. Da sun yi haka, da su ma sun shiga hannu, kuma laifinsu ya haɗa da shiri da kwanton ɓauna. Doka ta yarda mutum ya kare kansa, ko ya kare wani, a daidai lokacin da aka faɗa masa, gwargwadon haɗarin da ke gabansa. Dukan da aka kwana aka rama ba kariyar kai ba ne.

To, ɗan kokowa fa? Tun 1975, da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, ƙarfafa suke ka da juna a gaban dubban mutane, ba wanda aka kai kotu don ya yi kaye. Dalili shi ne kowa ya shiga fili da yardarsa, kuma wasan yana da ƙa'ida. In wanda aka kayar ya bi abokin karawarsa bayan fili ya naushe shi, wannan duka ne.

Kundin 1961 bai ɗora hukuncin laifi a kan yaron da bai kai shekara 13 ba. Amma in ya fasa wa wani kai a makaranta, ana iya neman iyayensa su biya diyya.

Tambayoyi

1. Wace magana mai gari ya ce zai sasanta? Wace ce ya ce ta fi ƙarfinsa?
2. Yaushe hauya take zama makami?
3. Mene ne amfanin takardar likita ga alƙali?
4. Ina bambancin kariyar kai da ramuwa?