Kakar Gida da Kakar Ingila: Nazari a kan Suna Ɗaya da Lokaci Biyu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba kalmar “kaka” da yadda ake aro ta don fassara sunan wani lokaci na shekarar Turai. Dalilin rubuta ta kuwa shi ne zangon karatu ɗaya da na yi a London, daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba. Ba ni ne farau ba. Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi karatu London a 1945, Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Abin da zan nuna shi ne, ɗalibin da ya tafi da ma'anar kaka ta gida a zuciyarsa, sunan zai ruɗe shi, kuma ba sanyi ne babbar wahalarsa ba, gajartar yini ce.

2.0 Inda Ma'anonin Suka Haɗu

Bahaushe ya kasa shekara zuwa bazara da damina da kaka da rani, ma'auninsa kuwa ruwan sama ne da aikin gona. Kaka ita ce lokacin da ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, ana jiran dawa, 'yan dambe da 'yan kokawa suka fito fage. Ingilishi kuwa da zafi da sanyi da tsawon rana yake awon shekararsa. Watannin Satumba da Oktoba da Nuwamba su yake kira autumn. Fassara wannan da “kaka” ba ta rasa hujja ba, domin a tsohon Ingilishi kalmar girbi ce sunan lokacin, kuma Jamusawa har yau da 'yar'uwar wannan kalma suke kiransa. Watau a wajen wata da girbi, ma'anonin biyu sun haɗu. Daga nan kuma sai suka raba hanya.

3.0 Inda Suka Rabu

Na farko, kakarmu busasshiya ce, tasu kuwa jiƙaƙƙiya. Oktoba da Nuwamba suna cikin watannin da suka fi ruwa a London, ruwan kuma galibi yayyafi ne marar tsawa, wanda ba ya hana kowa fita. Wanda ya ce sai ruwa ya ɗauke zai tafi aji, to ya yi sallama da darasi.

Na biyu, hazo. Namu ƙura ce da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, shi ya sa yake fasa leɓe da kaushi. Nasu tururin ruwa ne da ya sauko ƙasa, yana jiƙa tufa. Baƙin hazon nan mai hayaƙin kwal da ya kashe dubban mutane a Disambar 1952 ya zama tarihi, tun bayan dokar tsabtace iska ta 1956.

Na uku, ganye. Itatuwanmu da yawa suna kaɗe ganye saboda rashin ruwa, in ban da gawo mai yin nasa da damina. Nasu kuwa gajartar rana da sanyi ke sa kore ya janye, rawaya da ja su bayyana, sannan ganyen ya zube, alhali ƙasa na jiƙe sharkaf.

4.0 Rana da Agogo

Nan ne gizo ke saƙar. Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, London tana kan 51 da rabi. Saboda haka a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kamar awa ɗaya da rabi ba. A London kuwa yini yana awa 12 a ƙarshen Satumba, amma a 21 ga Disamba ba ya cika awa 8. A Oktoba kusan minti 4 yake raguwa kullum. Daɗin daɗawa, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba akan mayar da agogo baya da awa ɗaya, al'adar da ta samo asali a 1916. Kafin ranar, agogon London da na Kano daidai suke, bayanta sai Kano ta wuce da awa guda.

Mu kuwa sunayen sassan yininmu, asuba da hantsi da azahar da la'asar da almuru, a jikin rana suke rataye, amma da yake ranar tamu ba ta cika sauyawa ba, sai muka ɗaure su da agogo. In an ce la'asar, ƙarfe huɗu ke zuwa zuciya. Wannan sabo ne ya kā da ni. Wata rana a ƙarshen Nuwamba na zauna a laburare ina jiran huɗu ta buga in tashi salla, ko da na fito sai na tarar fitilun titi sun kama, rana ta faɗi. A farkon Disamba azahar takan shiga gab da 12, la'asar wajen 1:30, magariba kafin 4. Salla uku ke nan cikin awa huɗu, a tsakiyar lokacin darussa.

5.0 Dabarun Zama

An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi ka ɗaura. Ɗalibi ya riƙa duba jadawalin salla kowane mako, ya gwada shi da na aji. Ya fita tafiya da tsakar rana ko gajimare ya rufe, domin rashin haske na kawo kasala da baƙin rai. Hukumomin lafiyar ƙasar suna ba da shawarar shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, musamman ga masu baƙar fata. Tufa kuwa a ninka marasa nauyi, don a iya ragewa cikin ɗaki mai ɗumi. Kada kuma duhu ya sa shi cin abincin dare da ƙarfe biyar, ya tsai da lokacin ci da na barci bisa agogo. In Bature ya tare shi da zancen ruwa, gaisuwa ce, tamkar “ina ruwa?” da “ya yi gyara” a wajenmu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa “kaka” ta dace da wancan lokaci ta fuskar wata da girbi kaɗai. Shawarata ga masu fassara ita ce a riƙa cewa “kakar Turai” ko “lokacin zubar ganye”, don kada mai karatu ya hango rumbu inda ake nufin lema. Ina fata malamaina da 'yan'uwana ɗalibai za su faɗaɗa binciken zuwa “bazara” da “rani”, domin su ma an ɗora musu kayan da ba nasu ba.