Inuwar Tankin Ruwa Ta Cinye Jarin Mai Ƙanƙara

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rufin gidajen Kano ya fara cika da fanel, kuma duk yaron da ya iya riƙe filaya ya wayi gari injiniyan sola. Mai wannan rubutu sana'arsa ke nan, ya saba gyara ɓarnar irin waɗannan, amma akwai wadda har yau take ci masa rai.

Wata Hajiya ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Da kasonta na gado ta sayi firiza biyu, fanel takwas masu wat 550, inbata da batura, ta fara sayar da ƙanƙara da zoɓo. A watan Mayu aka yi mata haɗin, kuma har damina ta wuce komai lafiya lau. Shigowar Nuwamba sai ƙanƙara ta daina kamawa, inbata ta riƙa kuka tun kafin kiran asuba. Wanda ya yi aikin ya zo, ya tsaya a tsakar gida ya ce batura ne suka mutu. Ko tsani bai nema ba. Ta sayar da 'yan kunnenta na zinare, ya kawo mata sababbi, ya ci ribarsa a kai. Kafin Janairu ya ƙare su ma sun fara sanyi, shi kuma ya daina ɗaukar waya.

Da aka kira mai wannan rubutu, tambayarta ta farko ita ce: "Ɗan nan, ka gaya mini gaskiya, ko hannu aka sa mini a sana'ar?" Ya ce, "Hajiya, bari in hau sama tukuna."

Da hantsi ya hau. Ga tankin ruwa a kan ƙarfe, tsayinsa ya kai mita uku, a kudu maso gabas da fanel ɗin, kuma yana nan tun kafin a kawo sola gidan. Inuwarsa da ta ƙafafun ƙarfen tana kwance a kan fanel uku, ba ta sauka sai kusan tsakar rana. Duka takwas ɗin siris ɗaya aka ja su. Inbatar tana da MPPT biyu, wato mashigar da ke tatso mafi yawan wuta daga fanel, amma na biyun ko murfin robarsa ba a taɓa cirewa ba. Da aka buɗe akwatunan baya, dayod ya ƙone a fanel biyu, bayansu ya yi tabo ruwan ƙasa daidai inda sel ya riƙa ɗaukar zafi. Batura ba su da laifin komai, ba sa cika ne, kullum a zuƙe su a bar su da yunwa.

Abin da irin waɗannan masu haɗa sola suka ƙi fahimta shi ne, inuwa ba ta cin wuta gwargwadon faɗinta. A siris, wanda ya fi rauni shi ke yanke wa sauran amfiyar da za ta wuce. Galibin fanel dayod uku ne, kowane yana tsare sulusi, saboda haka sel guda idan ya rufu sosai zai iya fitar da sulusin fanel daga aiki. Kuma dayod ba a yi shi don ya riƙa ɗaukar wannan nauyi sa'o'i kullum ba. Idan ya ƙone ya haɗe, wannan sulusin ya tafi ko da rana tsaka. Ga kuma MPPT mai araha, wanda idan inuwa ta raba ƙarfin wuta tudu biyu yakan laƙe a ƙaramin, ya bar babban.

To me ya sa abin bai bayyana a Mayu ba? Kano tana kusan digiri 12 arewa da ikwaita. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɓangaren arewa take bi, inuwar tankin tana faɗuwa can gefe, ba ta taɓa komai. A Disamba kuwa rana ta koma kudu, ko da tsakar rana ba ta wuce digiri 55 a sama. Inuwar abu mai mita uku takan kai mita biyu da ɗoriya a lokacin, da hantsi kuma ta kai huɗu da rabi, tana miƙewa arewa maso yamma. Wanda ya auna rufi a bazara da tsakar rana ya ce babu inuwa, bai auna komai ba.

Gyaran bai ci kuɗin batir ɗaya ba. An matsar da fanel ukun zuwa yamma, an raba siris biyu, huɗu-huɗu, kowane da MPPT nasa, bayan an tabbatar bolt ɗin huɗun ya isa ya tayar da inbata. An canza dayod. Ƙanƙara ta dawo, amma zinaren bai dawo ba, fanel biyun da suka yi tabo kuma ba za su koma kamar da ba.

Kada a kafa ƙarfe kafin a san inda inuwar Disamba take sauka. Kada a haɗa mai shan inuwa da mai cikakkiyar rana a siris guda. Wanda ya ce batir ne bai hau rufi da mita ba, a sallame shi.

Su ma masu gida suna da nasu. A gama aiki tsaf, bayan wata biyu a kira mai dish ya dasa shi a gaban fanel, ko a ƙara wa tanki tsayi don ruwa ya yi ƙarfi a banɗaki, sannan a bugo waya ana faɗa wai kayan jabu ne. Darbejiyar da take daidai katanga bana, baɗi ta wuce ta. Maƙwabci ya aza harsashin bene, ba wanda ya tambayi hawa nawa zai yi. Akwai masu shanya a kan fanel ma.

Yadda aka kwantar da fanel shi ma lissafi ne. Idan inuwar katangar rufi ce mai tasowa daga ƙasa, tsohon samfuri da aka sa a tsaye layin ƙasa kaɗai ya isa ya kashe sulusin ukun gaba ɗaya, a kwance kuwa ɗaya zai tafi. Mai rabin sel ya fi jurewa a tsaye, tunda rabin sama na ci gaba da aiki. Inuwar falwaya ko bututu mai tsaye kuma akasin haka ce. Inda rufi ya yi ƙunci babu wurin gudu, a sa optimaiza ko ƙananan inbata, ko a haƙura da fanel shida a wuri mai kyau maimakon takwas a cushe. A hau rufin da safe, a sake hawa da la'asar.

Sai ƙurar hunturu. Masu shimfiɗa fanel kwance ba gangare, don ƙarfe ya yi musu sauƙi, suna tara ƙasa a bakin firam na ƙasa, ta bushe ta rufe layin sel, ga kashin tantabara a kai. Wannan ma inuwa ce, kuma wuni take yi. Gangaren digiri 10 zuwa 15 yana fuskantar kudu ya dace da Kano, a riƙa wankewa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.