KHAL: MAHAƊI NE KO MAGANI?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. 

Abin da ya jawo karatunmu na wannan mako shi ne, kwanan baya, bayan mun idar da sallar Magariba a masallacin unguwarmu a nan Sheshe, sai wani dattijo maƙwabcina ya tsai da ni, ya zaro wata kwalba daga aljihun rigarsa, ya ce, "Malam, duba mini wannan. Khal ne na tuffa, yaron nan ya sayo mini. An ce maganin Annabi ne, wanda ya lizimci shansa kullum da sassafe ya rabu da ciwon sukari da hawan jini." Na ce, "Baba, to, ina ƙwayoyin da likita ya ba ka?" Ya ce ai mako biyu ke nan da ya ajiye su, tun da ya sami abin da ya zo a Hadisi.

Wannan magana ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya zaga shagunan magungunan Musulunci na cikin birni zai ga kwalaben khal jere tare da zuma da habbatus sauda da man zaitun. Saboda haka na ga ya kamata mu duba abubuwa uku: abin da Hadisi ya faɗa, da hukuncin khal a shari'a, da kuma abin da likitoci suka gano.

ABIN DA HADISI YA FAƊA

Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa wata rana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambayi iyalinsa ko akwai mahaɗi, suka ce babu kome sai khal. Ya sa aka kawo, ya ci da shi, yana yabonsa da cewa kyakkyawan mahaɗi ne. An kuma ruwaito wannan yabo daga Nana A'isha. Hadisi ne ingantacce, babu mai ja a kansa.

Amma a matsayina na mai koyar da Larabci, ina roƙon mai karatu ya tsaya kan kalma guda. Kalmar da ta zo a Hadisin ita ce "idam", watau abin da ake haɗawa da gurasa don ta ciwu, kamar yadda miya take ga tuwo, ko ƙuli da mai ga gurasar Kano. Magani kuwa a Larabci "dawa'u" ne, waraka kuma "shifa'u". Inda aka yi nufin waraka an faɗe ta a fili: an ambace ta game da zuma a cikin Suratun Nahli, aya ta 69, an kuma ambace ta game da habbatus sauda a cikin Sahihul Bukhari. A kan khal kuwa, mahaɗi aka ce. Har ila yau, Hadisin bai ambaci tuffa ba, bai ce a sha da sassafe kafin a karya ba, bai kuma ƙayyade cokali ɗaya ko biyu ba.

Malamai sun yi bayanin wannan yabo ta fuska biyu. Alƙali Iyal da Khaɗɗabi sun fahimci cewa yabon yana koyar da wadar zuci ne, da rashin ɗora wa kai neman abinci mai daɗi. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya rinjayar da cewa yabo ne ga khal ɗin kansa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya nuna a cikin Zadul Ma'ad cewa yabon ya zo ne gwargwadon halin da ake ciki a wannan lokaci, ba fifita khal aka yi a kan sauran mahaɗai ba. Kowace fassara muka ɗauka, maganar abinci ake yi. Wanda ya ɗiga khal a kan kwaɗonsa yana tuna Annabi, ya kyauta. Amma wanda ya ce Annabi ya yi umarni a riƙa shansa don ciwon sukari, to, ya jingina masa abin da bai faɗa ba, kuma kowa ya san girman narkon da ya zo a kan yi wa Annabi ƙarya da gangan.

HUKUNCINSA A SHARI'A

Wasu kuma tsoronsu daban ne, sun ji cewa khal daga giya yake fitowa. Ga yadda abin yake. Idan aka matse ruwan tuffa, ko inabi, ko dabino, aka ajiye, sai yis ya juya zaƙin cikinsa ya zama barasa. Sa'an nan waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su juya barasar, da taimakon iska, ta zama tsami. Wannan tsamin shi ne khal, kuma a kwalbar da ake sayarwa yakan kai kamar kashi 5 cikin 100, saura kusan duk ruwa ne. Ba ya sa maye ko an sha da yawa.

Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juya ta zama khal da kanta ta halatta, ta kuma tsarkaka. Saɓani yana wajen wanda ya mallaki giya ya sa hannu ya juya ta. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi a kan haka ya hana. Shafi'awa da Hambalawa sun tsaya kan hanin, Hanafawa sun halatta, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa Shehu Halilu ya lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki a Muhtasar. Saboda haka khal ɗin tuffa da ake saye a kasuwa halal ne, babu laifi a ci, babu laifi a sayar. Sai dai halaccin abu daban, zamansa magani daban.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Likitocin Musulunci na dā sun san khal, suna haɗa shi da zuma su yi wani abin sha mai suna sikanjabin. Amma yayin shan khal na tuffa kowace safiya daga Amurka ya yaɗu, musamman bayan wani likita mai suna D. C. Jarvis ya fitar da littafinsa a kan magungunan gargajiya a 1958.

An yi bincike a kai, kuma adalci ne a faɗi abin da aka samu. A 2004, masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka sun nuna cewa shan khal tare da abinci yana ɗan rage hauhawar sukari a jini bayan cin abincin. A 2009 an gwada mutum 175 masu ƙiba a Japan har mako 12, suna shan babban cokali ɗaya ko biyu a yini. Abin da suka rage bai wuce kilo 1 zuwa 2 ba, da suka daina kuwa nauyin ya dawo. Wani binciken da aka yi a Labanan a 2024, wanda ya yi ta yawo yana cewa khal na zubar da ƙiba mai yawa, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2025 saboda kurakuran da aka gano a lissafinsa. Watau amfanin yana nan, amma ɗan kaɗan ne, bai kai ya tsaya a madadin maganin asibiti ba.

Illarsa ma an gani. A 1998 likitoci a Ostiriya sun ba da labarin wata mace mai shekara 28 da ta yi shekara 6 tana shan kamar kofi guda kullum, har sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa a jininta, ƙasusuwanta suka yi rauni. A 2012 an ba da labarin wata yarinya mai shekara 15 a Holan, wadda haƙoranta suka zaizaye saboda shan kofi guda kullum don ta rame. Tsagwaron khal yana iya ƙona maƙogwaro, yana kuma tsananta wa mai gyambon ciki da mai ƙwannafi.

NASIHA

To, 'yan'uwa, ga abin da zan ce. Wanda yake da lafiya, yana son khal, ya sa shi a abinci, nan ne muhallinsa, nan ne kuma ya fi kusa da abin da Annabi ya aikata. In kuwa sha zai yi, kada ya wuce babban cokali ɗaya zuwa biyu a yini, ya tsarma shi cikin kofin ruwa cikakke, ya kurkure baki bayan ya sha. Kada mai azumi ya buɗe baki da shi. Mai ciwon sukari, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin hawan jini ko na zuciya, da mai juna biyu, su tambayi likita tukuna. Mai saye ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba. Masu sayarwa kuma su ji tsoron Allah, kada su sa sunan Annabi ya zama abin tallar haja.

Annabi ya umarce mu da neman magani, ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, shari'a kuma ta hana mutum ya cuci kansa ko ya cuci wani. Zuwa wurin likita yana cikin bin wannan umarni, bai saɓa wa tawakkali ba. Jikin nan amana ne a hannunmu, za a kuwa tambaye mu.

Shi dai Baba maƙwabcina, washegari ɗansa ya kai shi asibiti aka auna, aka tarar sukarin ya hau ƙwarai. Ya koma kan ƙwayoyinsa, kwalbar kuwa ya miƙa wa mai ɗakinsa tana ɗigawa a kwaɗon zogale.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu da sani a kai. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.